Hayaƙin Tashoshin Jiragen Ruwan Legas: Daga Ina Ya Kamata A Fara Gyara?

Injiniya Baban Safiya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna a kan hayaƙin da tashoshin jiragen ruwa suke fitarwa, musamman Apapa da Tin Can a Legas, inda akasarin kwantenonin da ke zuwa kasuwannin Kano da Kaduna suke sauka. Sufurin jiragen ruwa a duniya baki ɗaya yana fitar da kusan kashi 3 cikin 100 na iskar da ke haddasa ɗumamar yanayi, kuma Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya, wato IMO, ta amince a shekarar 2023 cewa za a daina ƙara wa sararin samaniya wannan iska nan da wajejen shekarar 2050.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, isowar jirgi tasha ba ta hana shi ƙona mai. Yana kashe babban injin da ke tura shi, amma ƙananan injinansa suna ci gaba da aiki dare da rana domin ba da wuta ga fitilu da famfuna da kwantenoni masu sanyi, kuma duk wannan hayaƙi a kan gari yake sauka. Maganin da manyan tashoshi suka samo shi ne a jona jirgin da lantarkin tudu ta hanyar wata babbar waya, ya kashe injinansa gaba ɗaya har ya gama sauke kaya. Tashar Los Anjelis ta Amurka ta fara yi wa jiragen kwantena haka tun 2004, Tarayyar Turai kuma ta wajabta wa manyan tashoshinta samar da wannan lantarki kafin 2030, tare da tilasta wa jiragen kwantena da na fasinja yin amfani da shi. Ra'ayina shi ne Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta sa wannan aiki a sahun gaba, tun da ga shi gwamnati ta sanar da shirin sabunta Apapa da Tin Can. Ina son jin ta bakinku.

Malam Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam. Injiniya, da girmamawa nake cewa ban ga abin da ya kai mu wannan maganar ba. Ƙasashen da suka cika sararin samaniya da iskar kabon, wato babbar iskar da ke haddasa ɗumamar yanayi, su ne Amurka da Turai da Sin, kason Najeriya kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake fitarwa daga ƙona mai ba. Duk kuɗin da aka kashe a tasha, a kan kwantena za a ɗora shi, daga nan ya sauka a kan farashin kayan da talaka yake saye a kasuwa. A halin tsadar da ake ciki, ina ganin wanda ya ɓata shi ya kamata ya gyara.

Maman Hafsa:

Malam Ɗan Fagge, maganarka tana da tushe idan iskar kabon kaɗai ake nufi, amma akwai abubuwa biyu a cikin hayaƙin nan da bai kamata a cakuɗa su ba. Iskar kabon takan tashi ta bazu a duniya, illarta kuma sai an ɗauki shekaru ake ganinta. Ɗaya ɓangaren kuwa, wato baƙin toka da sinadarin salfa da sauran gubar da ke fita daga salansa, yawancinsa ba ya yin nisa. A Apapa da Ajegunle da Ijora yake zama, kuma mutanen da ke wurin su suke shaƙar sa a yau.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Legas, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙananan ƙwayoyin ƙurar da ake kira PM2.5. Ƙanƙantarsu ta kai yadda hanci ba ya iya tace su, sai su wuce can cikin huhu, wasu ma su shiga jini, su tayar da asma, su tsananta ciwon huhu ga yara, su kuma ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki ga manya. Binciken Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin 11,200 a Legas a shekarar 2018, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka rasu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken ya sami ma'aunin wannan ƙura ya kai 68, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a lokacin 10 ne, a 2021 ma ta sake rage shi zuwa 5. Ba tasha kaɗai ce ta jawo wannan ba, akwai motoci da janareto da ƙona shara, amma wanda ya san Apapa ya san irin kason da take bayarwa. Kuma kada mu manta, direbobi da yaran mota da 'yan dako da masu sayar da abinci a bakin titin tashar, da yawansu 'yan uwanmu ne da suka zo neman halal daga Arewa. Saboda haka ba don Turawa za a yi gyaran nan ba.

Alhaji Baban Nura:

Allah Ya saka da alheri, Hajiya, kin faɗi abin da ke raina. Ni sana'ata ke nan, na yi tuƙin tirela tun ina saurayi, yanzu kuma ina da 'yan motocin da yara suke ja tsakanin Legas da Kano. Injiniya, ba na musun abin da ka ce game da jirgi, amma jirgin yana can bakin ruwa, mota kuwa tana ƙofar gidan mutane. Duk wanda ya ga titin Oshodi zuwa Apapa a shekarun 2018 da 2019 ya san abin da nake nufi. Layin tireloli da tankoki ya taso daga ƙofar tasha ya wuce Mile 2, wani layin kuma ya hau gadar Ijora, direba yana kwana da tashi a cikin mota har makonni kafin ya shiga. A irin wannan layi ba ka da ikon kashe inji ka huta, domin da zarar na gabanka ya matsa taku kaɗan dole ka matsa, in ba haka ba wani ya shige maka, kuma tsohuwar mota idan ka kashe ta ba ka da tabbacin za ta sake tashi. Ga shi mafi yawan motocin da muke aiki da su tsofaffi ne da aka gama cin moriyarsu a Turai kafin a kawo mana.

A watan Fabrairun 2021 aka fara tsarin Eto, inda mota take yin rajista ta intanet, ta jira a garejin da aka tanada irin na Lilypond, ba ta nufi tasha ba sai an kira ta. Ba zan ce komai ya gyaru ba, domin har yanzu akwai masu tare hanya suna karɓar na goro, kuma idan aka sami tangarɗa layi yakan dawo. Amma gaskiya dogon layin nan ya ragu ƙwarai, kuma babu wata sabuwar na'ura mai tsada da aka saya kafin a sami wannan sauƙi, tsari kawai aka canza. Injiniyoyi sun ce kowace lita ɗaya ta man dizal da aka ƙona tana fitar da kimanin kilo 2.7 na iskar kabon. To ku lissafa dubban motoci suna tsaye inji yana aiki, babu kayan da ya matsa ko taku ɗaya. Mai mota ya yi asarar mai, direba ya shaƙi guba, mai kaya ya biya kuɗin jinkiri. Wannan shi ne gyaran da ba ya ƙara wa talaka tsada, Malam Ɗan Fagge, rage masa ma yake yi. Don haka a ganina a fara da hana jira.

Malam Abu Yasir:

Ina goyon bayan Alhaji, kuma ina so in ƙara da abin da ya shafi fannina na lantarki. Injiniya, jona jirgi da wutar tudu yana da amfani ne gwargwadon tsabtar wutar da kuma ɗorewarta. Babban jirgin kwantena idan yana tsaye yana buƙatar daga megawat ɗaya zuwa 'yan megawat, ya danganta da yawan kwantenoni masu sanyi da ke cikinsa. Ƙasar nan kuwa duka abin da babban layinta yake rabawa bai cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba, kuma kowa ya san yadda layin yake durƙushewa lokaci zuwa lokaci. Babu matuƙin jirgin da zai yarda ya kashe injinansa alhali yana ɗauke da kifi ko magani a cikin sanyi, sai ya tabbata wutar ba za ta yanke ba. Idan kuma aka ce za a kafa manyan janaretocin dizal a tudu domin a ba jirgin wuta, to hayaƙin bai ragu ba, wurin fitarsa kawai aka sauya, aka ma ƙara matso da shi kusa da gidajen jama'a.

Akwai kuma wata matsala ta fasaha. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, mafi yawan manyan jiragen teku kuwa da mai juyawa sau 60 suke aiki, don haka sai an sayi na'urar da ke daidaita su, kuma tana cikin abubuwan da suka fi tsada a aikin. Abin da nake gani shi ne a fara sama wa tashar kanta wuta tabbatacciya, ko daga tashar iskar gas da aka keɓe mata, a haɗa da faranten hasken rana a rufin rumbunan ajiya. Da wannan wuta za a fara mayar da injinan ɗaga kwantena masu tayoyi daga dizal zuwa lantarki, a kuma jona kwantenoni masu sanyi da ke ajiye a fili, waɗanda a wurare da yawa janareto ne yake riƙe da su. Waɗannan injina kullum suna nan suna aiki, ba kamar jirgi ba da zai zo ya tafi, kuma ba kowane jirgi ne ma yake da wurin jona wayar ba.

Injiniya Baban Safiya:

Malam Abu Yasir, na yarda cewa wuta tabbatacciya ita ce sharaɗi, amma ina roƙon kada mu raina hayaƙin jirgi. Daga 1 ga Janairun 2020 IMO ta rage adadin salfa da aka yarda ya kasance a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa kashi 0.5 cikin 100, kuma wannan babban ci gaba ne. Duk da haka, kashi 0.5 ɗin nan ya ninka abin da aka yarda da shi a dizal ɗin motocin Turai sau 500. A Tekun Baltik da Tekun Arewa da gaɓar Amurka ta Arewa an keɓe yankunan da jirgi ba zai wuce kashi 0.1 ba, Bahar Rum ma ta shiga wannan sahu a watan Mayun 2025, amma gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da irin wannan kariya. Ba ina cewa a jona jirage gobe ba ne. Ina cewa idan za a fasa dakalin tasha a sake gina shi, to a shimfiɗa bututun waya a tanadi wurin na'urori tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma sake fasa kankare bayan shekara goma ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Hajiya Maman Abba:

Ni 'yar kasuwa ce a Kantin Kwari, kuma ina ganin har yanzu ba a taɓo babban maganin ba. Tambayata ita ce, me ya sa kwantenar da za ta zo Kano za ta hau bayan mota ta yi tafiyar kilomita kusan 1,000, bayan kakanninmu sun ga jirgin ƙasa yana haɗa Legas da Kano tun 1912? Jirgin ƙasa ɗaya yana jan kayan tireloli masu yawa, kuma ko da dizal yake aiki, hayaƙin da yake fitarwa a kan kowane tan na kaya kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na abin da mota take fitarwa. An buɗe sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan a watan Yunin 2021, an kuma shigar da reshensa har cikin tashar Apapa, a 2023 aka fara ɗaukar kwantena a kansa zuwa Moniya da ke Ibadan. A namu ɓangaren an buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018, ta Dala da ke Zawaciki a Kano a 2023, sai ta Funtuwa a 2024. Manufar waɗannan tashoshi ita ce kaya su taho kai tsaye daga bakin ruwa, jami'an kwastan su duba su a nan kusa da mu. Amma sabon layin bai haɗe daga Ibadan zuwa Abuja ba, tsohon layin kuma ba a iya dogara da shi a kowane lokaci, shi ya sa ɗan kasuwar da yake da alkawari da abokan ciniki yake komawa ga mota.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sabuwar tashar Lekki da ta fara aiki a 2023. Tasha ce mai zurfi wadda manyan jirage suke iya shiga, amma an buɗe ta babu layin dogo, sai titi da jiragen fito. Idan ba a gaggauta ba, abin da ya faru a Apapa shi zai sake faruwa a kan hanyar Lekki zuwa Epe, inda ga matatar mai ga kamfanin taki duk suna zuba motoci a titi ɗaya. Alhaji Baban Nura, ka yi haƙuri, ba sana'arku nake so ta mutu ba. Ko jirgin ƙasa ya kawo kaya Zawaciki, mota ce za ta raba su zuwa Sakkwato da Maiduguri da Damagaram.

Alhaji Na Maraɗi:

Hajiya ta yi gaskiya, kuma mu a Nijar mun fi kowa sanin wannan, tun da ba mu da teku. Shekara da shekaru yawancin kayanmu ta Kwatano suke shigowa, su bi ta Faraku da Malanbil su tsallaka Gaya. Tun da aka rufe wannan iyaka ta Nijar da Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina Faso, inda manyan motoci suke taruwa su jira rakiyar sojoji kafin su kama hanyar Dori da Tera zuwa Yamai. Hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru, gazuwal, wato dizal, da ake ƙonawa ya ƙaru, farashin shinkafa ma ya shaida. Wannan ya nuna mini cewa lissafin hayaƙin tasha bai kamata ya tsaya a ƙofarta ba, a bi kwantena har inda za a buɗe ta. Layin dogon da ake ginawa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi zai yi mana amfani matuƙa, amma amfaninsa ba zai cika ba sai ya haɗu da bakin ruwa ba tare da yankewa ba.

Malam Ɗan Fagge:

Na ji bayanin Maman Hafsa, kuma maganar lafiyar yara ba abin jayayya ba ce. Na kuma gamsu cewa rage jira da amfani da jirgin ƙasa ba su ƙara tsada. Inda har yanzu nake da tsoro shi ne ranar da za a wayi gari a ce an hana tsofaffin motoci shiga tasha. Irin wannan doka tana da sauƙin sa hannu, amma mai mota ɗaya ko biyu ina zai sami kuɗin sabuwa a wannan canjin dala da kuɗin ruwan banki? Ƙarshenta manyan kamfanoni ne za su kwashe aikin.

Malam Abu Yasir:

Tsoronka yana kan hanya, Malam, kuma abin da ya faru a jihar Kalifoniya ta Amurka ya tabbatar da shi. Tashoshin Los Anjelis da Long Bich sun fitar da shirin tsabtace iska a 2006. A watan Oktoban 2008 suka hana motocin da aka ƙera kafin 1989 shiga, a 2012 kuma suka hana duk wadda injinta bai cika ƙa'idar hayaƙi ta shekarar 2007 ba. Sun kuma nemi jirage su rage gudu idan sun kusanto gaɓa, sannan jihar ta wajabta jona jirage da wutar tudu. Sakamakon ya fito fili, domin baƙin tokar dizal da ke fita daga tashar Los Anjelis ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100 idan aka kwatanta da 2005, alhali kayan da ke wucewa ƙaruwa suka yi. Sai dai direbobi da yawa sun ɗanɗana kuɗarsu, domin wasu kamfanoni sun sayi sababbin motocin suka ba su a kan bashi, ana cirewa daga abin da suka samu, har wani ya yi aikin mako guda ya koma gida da abin da bai taka kara ya karya ba.

Darasin da ya kamata Legas ta ɗauka shi ne kada doka ta riga kuɗi zuwa. Su kansu tashoshin Los Anjelis da Long Bich tun 2022 suna karɓar dala 10 a kan kowace kwantena mai ƙafa 20 da ke ɗauke da kaya, suna tara kuɗin domin tallafa wa sayen motoci marasa hayaƙi. Dala 10 a kan kwantenar da kayan cikinta suka kai dubban daloli ba za ta motsa farashin kasuwa ba, matuƙar an san inda kuɗin yake tafiya kuma ƙungiyoyin masu motoci suna cikin masu sa ido. Sannan a ba da wa'adin shekaru a sanar tun da wuri, a fara da motocin da suka fi kowa tsufa, kuma a fara da masu zirga-zirga tsakanin tasha da rumbunan cikin Legas, tun da su ne suke yini a unguwannin jama'a.

Alhaji Baban Nura:

Idan haka za a yi, masu motoci ba za su ƙi ba, domin babu mai son motar da ke kwana a garejin bakanike. Amma a haɗa da maganar mai. Sabon inji mai matatar hayaƙi ba ya jure dizal mai yawan salfa, cikin ɗan lokaci matatar take toshewa, bakanike kuma ya cire ta ya jefar, a koma gidan jiya. An daɗe ana shigo da dizal mai salfa har 3,000 cikin miliyan a ƙasar nan, kafin ƙungiyar ECOWAS ta tsayar da 50 a shekarar 2020. Abin da muke buƙata shi ne a riƙa gwada man da ke gidajen mai na kan hanya, ba na depo kaɗai ba, domin motar da ta sha mai kyau a Legas za ta sake shan wani a Jebba ko Mokwa ko Tegina kafin ta iso gida.

Maman Hafsa:

Ina da buƙata ɗaya da ban ji an ambata ba, kuma ita ce mafi arha a cikin duk abin da aka lissafa. A kafa na'urorin auna iska a ƙofofin Apapa da Tin Can da kuma cikin Ajegunle da Ijora, a riƙa wallafa sakamakon kullum inda kowa zai gani. Tashar Los Anjelis tana fitar da lissafin hayaƙinta duk shekara, an rarrabe na jirage da na motoci da na injinan ɗaga kaya da na jirgin ƙasa, shi ya sa Malam Abu Yasir ya iya kawo mana adadi. Da muna da irin wannan lissafi, da saɓanin Injiniya da Alhaji a kan jirgi ne ko mota ta fi ɓarna ya warware da hujja. Mu ma a asibiti zai taimaka mana mu gargaɗi iyayen yara masu asma a ranakun da iska ta fi muni, musamman lokacin hunturu da ƙura take haɗuwa da hayaƙi.

Injiniya Baban Safiya:

Wannan shawara ce mai kyau, Hajiya, kuma akwai madogara a doka, tun da Najeriya ta kafa dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma yi alkawarin daina ƙara wa sararin samaniya iskar kabon nan da 2060, ga kuma ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023 wadda tashoshi suke ƙarƙashinta. Zan ƙara da cewa abin da Alhaji ya faɗa game da jiran motoci ya shafi jirage ma. Jirgi yakan taho da gudu daga Lome ko Tema, ya ƙona mai da yawa, sannan ya zo ya tsaya a wajen Legas yana jiran gurbi da injinansa a kunne. Idan tasha tana sanar da shi tun yana hanya ainihin lokacin da gurbinsa zai samu, sai ya rage gudu ya iso a kan kari, kuma man da jirgi yake sha yana raguwa sosai da ɗan rage gudu kaɗan. Wannan yana buƙatar kwastan da masu kula da dakali da wakilan jirage su riƙa aiki da jadawali ɗaya. Idan a cikinmu akwai wanda yake aikin fitar da kaya a Apapa ko Onne, ina roƙon ya bayyana mana matakin da ya fi riƙe kwantena bayan an sauke ta, domin kowace rana da ta ƙara a fili tana hana wani jirgin samun wurin sauke nasa.